Bashin Kogin Gongola a Kan Gombe

 Sharhinmu na yau a kan kogin Gongola yake, da garuruwan da ke zaune a bakinsa, da kuma wannan birni namu na Gombe wanda ba ya bakin kogin amma da shi yake rayuwa. Duk wanda ya murɗa famfo a Jekadafari ko Tudun Wada ya taki sa'a ruwa ya zubo, to ruwan Gongola ne aka tace a Dadin Kowa aka turo masa ta bututu. Bulo da yawa da ake jerawa a sababbin unguwanni irin su Tumfure da simintin Ashaka aka buga shi, kuma dutsen da aka ƙona aka yi simintin a kwarin Gongola aka haƙo shi. Kwandunan tumatir da buhunan tattasai da ake lodawa a kasuwar Kwadon da rani, kaso mai tsoka daga cikinsu noman fadamun yankin wannan kogi ne. Ita kanta sarautar Gombe a bakin Gongola aka kafa ta. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, Gombe ta shafe fiye da shekara ɗari tana karɓa daga kogin nan ba ta bar wa garuruwan bakinsa abin da zai riƙe su ba, kuma yanzu da ake shirin girke masana'antu a Dadin Kowa, dama ce ta a sake hali. Zan jawo misalin wasu ƙananan garuruwa biyu na bakin kogi a ƙasar Faransa, domin akwai igiyar da ta ɗaure su da ƙasar Funakaye wadda da yawanmu ba su san da ita ba.

Daga tsaunukan Filato Gongola ke tasowa. Ya ratsa ƙasar Bauchi yana fuskantar arewa maso gabas, sai da ya iso Nafada ya yi kwana ya juyo kudu, ya bi ta Ashaka da Dadin Kowa, ya karɓi ruwan Hawul, ya je ya zuba a Binuwai a Numan. Wannan lanƙwasa ita ta rungume tsakiyar ƙasar Gombe ta arewa da gabas. Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ya karɓo tuta a farkon jihadin 1804, ya yi yaƙe-yaƙensa ya zo ya kafa mazauninsa a Gombe Abba, a bakin kogin, cikin ƙaramar hukumar Dukku ta yanzu. A nan ya rasu a 1841, a nan kabarinsa yake. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane abin da ya sa ya zaɓi wurin. Wanda ya san tudun Dukku, inda ake haƙa rijiya gaba bayan gaba ba a tarar da ruwa ba, ya san darajar kogin da dawaki da shanu za su sha, da fadamar da za a noma, da kuma gaɓar da ke tare abokan gaba idan damina ta cika. Kusan shekara casa'in ana sarautar Gombe daga bakin ruwa. A wannan kwarin ne kuma Malam Jibril Gaini ya kafa sansaninsa na Burmi ya addabi sarakunan Gombe shekaru da dama, kuma a Burmin ne, ranar 27 ga Yuli 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa a hannun sojojin Ingila, shi ma jagoran Turawan, Manjo Marsh, ya faɗi a wurin. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira har ƙasar Sudan. Wato ranar da Daular Usmaniyya ta yi gumurzunta na ƙarshe, a ƙasar Gombe ta yi shi, kusa da Gongola.

Da Turawa suka zauna daram sai suka dubi kogin da wani ido daban. Su hanya suke nema ta kai kaya Borno daga teku, ta Neja da Binuwai, sannan ta Gongola idan ruwa ya kawo. Nafada, tsohon garin Bolawa da ke daidai kwanar kogin, ita ce iyakar inda jiragen ruwa ke iya kaiwa, daga nan sai a sauke kaya a ɗora wa dabbobi da 'yan dako. Nan aka kafa bariki da kanti, kuma a 1913 aka ɗauke fadar Sarkin Gombe daga Gombe Abba aka kai ta Nafada. Shekara shida kacal aka yi. Jirgin ƙasa ya riga ya shiga Kano tun 1911, kayan Borno sun fara bin wannan hanya, shi kuwa Gongola 'yan watannin damina kawai yake ɗaukar jirgi. Ga kuma buƙatar Turawa ta samun mazauni a tsakiyar ƙasa, kusa da yankin Tangale da Waja da suke son sa wa ido. Sai a 1919 aka sake tattara komai aka dawo Doma, inda muke zaune yau, a zamanin Sarki Umaru. Daga baya auduga ta ɗaga garin, aka kafa injin gurza na BCGA a 1956 wanda har yau wata unguwa ke amsa sunansa, layin dogo ya iso a 1963 ya wuce Maiduguri a 1964, sannan ranar 1 ga Oktoba 1996 Gombe ta zama hedikwatar jiha.

Idan aka lura da wannan tarihi za a ga abu ɗaya yana maimaituwa. Kowane karo wani ne daga waje ke zaɓen hanya, gari ya bi hanyar, in hanyar ta mutu a bar garin da hannu biyu. Gombe Abba ta koma ƙauyen da matafiyi ke wucewa ta gadarsa a kan hanyar Darazo bai san ya wuce makwancin wanda ya kafa masarautar ba. Nafada ta koma ƙarshen hanya, duk da ma'adinin jifsam da ake haƙa a ƙasarta ana kai wa masu yin siminti. Ita ma Gombe ta ɗanɗana irin wannan, domin tashar jirgin da ta cika garin da baƙi da 'yan kasuwa yau shiru take, injin auduga kuma suna ya rage. Abin da ya ceci Gombe shi ne ta samu kujerar gwamnati kafin hanyar ƙarfe ta gama mutuwa. Na san wani zai ce ai ƙaurar 1919 alheri ce, da an tsaya a Nafada da ba a samu birnin da ya zama mahaɗar hanyoyin Bauchi da Yola da Biu da Potiskum ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran kowa ya kwashe kaya ya koma bakin ruwa. Sai dai ƙaurar ta zo da farashinta. An kafa birni a cikin kwari mai yashi, nesa da ruwa mai ɗorewa, shi ya sa aka yi shekaru Gombe na fama da ƙishi, kuma har yanzu a unguwannin da bututu bai kai ba ɗan ga-ruwa da kurarsa mai jarkoki da tankar ruwa su ne hukumar ruwa. Damina kuma ta zo ta yanka garin da kwaruruka, kamar yadda ambaliyar watan Agusta 2004 ta nuna. Da ƙishi ya kai maƙura, ina aka koma? Gongolar da aka baro, ta hanyar aikin ruwan Dadin Kowa a zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje. Saboda haka ba a rabu da kogin ba, nisa kawai aka yi da shi, nisan da ya sa ake shan ruwansa ba a ganin mutanensa.

To bari mu leƙa Faransa. A kudancin ƙasar, a gaɓar yamma ta kogin Rhone, akwai garuruwa biyu maƙwabta, Viviers da Le Teil. Viviers mutanenta ba su kai 4,000 ba, amma tun ƙarni na 5 take mazaunin bishop, kuma babban cocinta na nan a kan dutse yana kallon kogin, ƙasa da shi kuma tsofaffin lunguna ne na gidajen dutse. Daga cikinsu akwai gidan wani attajiri mai suna Noel Albert, wanda ya yi arzikinsa da fataucin gishirin da ake haurowa da shi ta kogin, ya ƙawata fuskar gidan da sassaƙa a 1546. Fataucin gishirin ya daɗe da mutuwa. Jiragen ruwa masu tururi da suka yi tashe a Rhone, layin dogon Paris zuwa Marseille ya karya su a tsakiyar ƙarni na 19, daidai yadda dogon Kano ya karya Nafada. Le Teil ta zama garin ma'aikatan jirgin ƙasa, sannan a 1973 aka dakatar da jigilar fasinja a layin da ya bi ta wannan gaɓa. Kun ga su ma hanya ta mutu musu, har sau biyu. Amma a tsakanin garuruwan biyu akwai tsaunin dutsen farar ƙasa, kuma a 1833 wani mai suna Leon Pavin de Lafarge ya karɓi ragamar haƙar dutsen a gonar gidansu ya shiga ƙona shi. A 1864 gidan ya samu kwangilar kai farar ƙasa fiye da tan 100,000 don aikin mashigin ruwan Suez a Masar, daga nan sunan ya fita duniya. Wannan shi ne Lafarge ɗin da sunansa ya zo ya hau buhun simintin Ashaka. Masana'antar farko tana nan tana aiki a bakin kogin har yau.

Abu uku ne suka riƙe waɗannan garuruwa da hanya ta mutu. Na farko, abin da aka samu a kogin an mayar da wani kaso nasa gini a cikin garin. Attajirin gishiri ya gina gida, shi ma kamfanin ya gina wa leburorinsa unguwa sukutum a 1880, Cité Blanche, da coci da makaranta da kantuna, ya faɗaɗa ta a 1913. Na biyu, an kafa dokar da ta hana rushe abin da aka gina. Tun 1962 Faransa ta yi dokar kare tsofaffin unguwanni gaba ɗayansu, tsohon garin Viviers ya shiga ƙarƙashinta, ita ma unguwar leburorin daga baya aka sa ta a jerin gine-ginen tarihi, wato gidan ma'aikacin farar ƙasa ya samu irin kariyar da gidan bishop ya samu. Na uku, wanda ya fi muhimmanci gare mu, a 1933 an kafa hukuma ɗaya, kamfanin ƙasa na kogin Rhone, aka ɗora mata aiki uku a lokaci guda: samar da lantarki, gyara hanyar jiragen ruwa, da ban ruwan gonaki. Kuɗin wuta shi ke biyan sauran biyun, kuma ƙananan hukumomi da jihohin yankin suna da hannun jari a ciki. Kada dai a ɗauka aljanna ake kwatantawa. Unguwar leburorin nan an gina ta ne don ma'aikaci ya kasance a tafin hannun maigida daga haihuwa har mutuwa, yau kuma kusan kango ce. Le Teil gari ne na talakawa a ma'aunin Faransa, kuma girgizar ƙasar 11 ga Nuwamba 2019 ta lalata ɗaruruwan gidajensa, har masana suka yi ta muhawara ko haƙar dutsen na da hannu a ciki. Amma garuruwan suna nan da ƙafarsu, da aikin yi, da abin nuna wa baƙo.

Mu dawo gida mu auna Ashaka da wannan ma'auni. An kafa kamfanin a 1974, ya fara fitar da siminti a 1979, da haɗin gwiwar gwamnati da kamfanin Blue Circle na Ingila, kuma shekaru da dama shi ne masana'anta mafi girma a duk arewa maso gabas. A 2001 Lafarge ya saye Blue Circle, Ashaka ta shiga hannun Faransawa. A 2015 Lafarge ya haɗe da Holcim na ƙasar Siwizalan. A 2017 aka cire Ashaka daga kasuwar hannun jari. A watan Disamba 2024 Holcim ya sanar da sayar da kasonsa na Lafarge Africa, mai riƙe da Ashaka, ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin. Daga Landan zuwa Paris, zuwa Siwizalan, zuwa Sin, mallaka na ta sauya hannu, ramin haƙar dutsen kuwa yana nan a Funakaye bai gusa ba, haka ramin kwal na Maiganga a ƙasar Akko da ke ciyar da wutar masana'antar. Ba za a ce kamfanin bai yi komai ba. Ya ɗauki 'yan ƙasa aiki, ya horar da injiniyoyi da makanikai, ya yi ajujuwa da rijiyoyin burtsatse, Bajoga ta girma a inuwarsa. Amma a tsaya a bakin titin Bajoga da yamma a ga jerin tireloli, kowace an lulluɓe ta da tamfol, suna fita da ɗaruruwan buhuna, sannan a waiwaya a tambaya: a shekara arba'in da 'yan kai, ina ƙananan masana'antun da ya kamata su tsiro a gefensa, masu buga bututun kwalbati, da turakun lantarki, da falankin rufi, da tayil? Ina kwalejin koyon gini da ta yi suna har ake zuwa daga wasu jihohi? Mai hannun jari da ke wata nahiya ba zai yi wannan tunani a madadinmu ba, kuma ba laifinsa ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, a riƙa sabunta ta duk shekara biyar. Mutum nawa ne a Bajoga ko Maiganga suka taɓa jin an karanta musu abin da ke cikin tasu, da Hausa ko Fulatanci, a bainar jama'a?

Labarin Dadin Kowa ya fi wannan ciwo. An gama madatsar a shekarun 1980, aka tashi dubban mutane daga gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka yi alkawarin wuta da noman rani da ruwan sha. Ruwan sha bai iso Gombe yadda ya kamata ba sai bayan kusan shekara ashirin. Injinan wutar masu ƙarfin megawat 40 sun jira fiye da shekara talatin kafin su juya. Magudanan ban ruwa kuwa ɗan kaso kaɗan na filin da aka tsara suka kai, har manomi da ke ganin tafkin da idonsa sai ya sayi injin ban ruwa da fetur. Kamfanin tumatirin gwangwani na Vegfru da ya taɓa sa sunan yankin a kantunan ƙasar nan ya durƙushe, tumatir ya koma ruɓewa a kwando idan kasuwa ta cika. Dalilin wannan jinkiri ba ɓoyayye ba ne. Madatsar na hannun hukumar raya kogunan Binuwai ta sama, wutar na hannun ɗan kwangila da hukumomin lantarki na tarayya, ruwan sha na hannun jiha, kifi da fadama kuma kowa da nasa. Babu ofishi ɗaya da za a je a kama da laifin kogin gaba ɗayansa, kuma babu inda kuɗin wuta ke komawa ya yashe magudana ko ya dasa itatuwa a gaɓar da ke zubewa tana cika tafkin da laka. An mayar da kogin saniyar tatsa, kowa da ƙwaryarsa, ba mai kawo dusa.

Za a ce mini kwatanta Gombe da Faransa zalunci ne, ƙasar da ta tara dukiya ɗaruruwan shekaru, wani ɓangare ma daga guminmu na Afirka. Na yarda da rabin maganar. Ba mu da kuɗin gina jerin madatsu da ƙofofin jiragen ruwa, kuma duk wanda ya yi mana alkawarin dawo da jirgi Nafada yaudara yake, domin kogin da ke janyewa ya bar yashi rabin shekara, ga madatsu biyu a Dadin Kowa da Kiri sun tare shi, ba hanyar sufuri ba ne kuma. Amma abubuwan da na lissafa ba kuɗi ne ginshiƙinsu ba. Haɗa ayyukan kogi a ƙarƙashin lissafi ɗaya tsari ne. Ba wa garuruwan gaɓa kujera da kaso doka ce. Kuma ƙofar ta buɗe, tunda gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Jihar da ke da megawat 40 a cikin iyakarta tana da abin da za ta zauna teburin ciniki da shi, ta nemi a ware wa masana'antun Dadin Kowa da famfunan tura ruwa da garuruwan da aka tasa kasonsu kafin sauran ya hau babban layi.

Sai batun gini, inda ake yawan cewa su Turawa da dutse suka yi nasu, mu kuwa ƙasa ce, damina uku ta narkar da ita, me za a adana? Wannan magana ta wanda bai san ginin gargajiya ba ce. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, bakan gizonsa na ciki suna nan tsaye. Gidan Madaki a Kafin Madaki, nan kusa da mu a ƙasar Bauchi, yana cikin gine-ginen farko da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa. Hasumiyar Gobarau na nan a Katsina, ta Agadas kuma, mai tsawon mita 27, ta sa tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. Dukansu tubali ne da azara. Abin da ya raya su shi ne akwai mai hawa ya duba indararo kafin ruwan fari, ya toshe tsaga, ya sake yaɓe da makuba. Ginin ƙasa yana mutuwa ne ranar da aka rasa mai wannan aiki, kuma magina masu sanin ɗaurin guga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba su bar magada ba, domin yaro ya ga mai buga bulo ya fi samun na cefane. Abin takaici, mu da muke da masana'antar siminti a gida mun ɗauka duk abin da ba siminti ba talauci ne, sai a lafta wa tsohon zaure filasta, danshi ya taru a ciki, ginin ya ruɓe ta ƙarƙashi, a ce ai ga shi ƙasa ba ta ƙarko. Muka koma ɗakin bulo mai inci shida da rufin kwano, wanda a watan Afrilu ba ya kwantuwa sai an fito tsakar gida. Ita Gombe kanta, da yake ƙuruciya gare ta, kayan tarihinta ba na ƙarni biyar ba ne. Fadar sarki ce, da tsofaffin ofisoshin En'e, da tashar jirgi da gidajen ma'aikatanta, da rumbunan auduga, da zaurukan attajiran farko a cikin gari. Irin waɗannan su ne ake rushewa cikin dare ɗaya a tashi da jerin shaguna, don ba wanda ya taɓa rubuta su a takarda ya ce wannan ba a taɓa shi.

Wani kuma zai ce, Malam, ana fama da tsadar masara kana maganar tsohon zaure. Amsata ita ce aikin farko da ake buƙata bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere suna da malamai da ɗalibai, masarautun Gombe da Dukku da Nafada da Funakaye da Yamaltu suna da dattawan da suka san inda ganuwa ta bi da inda bariki ya tsaya. A bi gaɓar daga Gombe Abba zuwa Dadin Kowa, a auna, a ɗauki hoto, a naɗi muryar tsofaffi, a fitar da jeri, majalisar jiha ta ba shi ƙarfin doka. Filin Burmi shi kaɗai ya isa ya jawo masu ziyara daga Sakkwato har Sudan, inda jikokin waɗanda suka tsira daga yaƙin suke zaune, in da za su tarar da hanya mai kyau da masauki da mai yi musu bayani. Mai shayi da mai masa da direban tasha su za su fara cin moriyar, ba farfesa ba. Kuma garin da yake da abin da ya sa a zo wurinsa ya fi iya riƙe samarinsa fiye da wanda sai dai a wuce ta cikinsa.

Wannan ya kawo mu ga filin masana'antu na Muhammadu Buhari, mai faɗin hekta 1,000, da gwamnatin Inuwa Yahaya ta shimfiɗa a Dadin Kowa. A ganina wurin da aka zaɓa daidai ne, domin karon farko ke nan tun 1919 da Gombe ta kai babban aiki inda ruwa da wuta suke, maimakon ta jawo su inda take. Amma katanga da kwalta da turakun wuta ba su ne za su nuna an koyi darasi ba. Idan ma'aikatan za su kwana a Gombe, bas ya kwaso su da safe ya mayar da su da yamma, albashi a kashe shi a Gombe, haraji ya tafi Gombe, Dadin Kowa da maƙwabciyarta Hinna kuma su tashi da ƙura da ruwan dattin masana'anta, to an sake Nafada ke nan da sabon fenti. Abin da ya kamata a rubuta cikin takardar ba da fili ga kowane mai zuba jari tun yanzu, kafin a yi rububi, shi ne adadin gidajen ma'aikata da zai gina a cikin garin ba bayan shinge ba, da adadin yaran yankin da zai koya wa sana'a tare da Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke nan Dadin Kowa, da yarjejeniyar sayen tumatir da shinkafa da auduga daga manoman gaɓa a kan farashin da aka sani kafin shuka, da yadda zai tace ruwan da ya yi amfani da shi kafin ya sake shi, tunda a ƙasan wurin akwai masunta da manoma har Numan. A kuma wallafa takardar, a karanta ta a wannan rediyo da sauran tashoshi, ta yadda ranar da kamfanin ya sauya hannu, kamar yadda Ashaka ta sauya sau da dama, sabon mai shi zai gaji sharuɗɗan tare da injinan. Majalisar dokokin jiha ce ke da ikon mayar da wannan wajibi, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Dukku da Nafada da Funakaye da Yamaltu su ya kamata masu zaɓensu su fara tambaya ina ƙudurin ya kwana.